DIYYAR MA'AIKACI IN YA YI RAUNI A WURIN AIKI: DARASI DON HAKIMAI DA MALAMANSU

Kowace shekara, da an gama aikin kaka, samari da magidanta sukan bar ƙauyuka su tafi neman aiki. Waɗansu su shiga masana'antun Kano, na Bompai da Sharaɗa da Calawa, waɗansu su kama leburanci wurin gine-gine a Abuja ko Ikko, waɗansu kuwa wurin fasa dutse ko gyaran hanya. Mafi yawansu sukan komo lafiya. Amma ba a rasa wanda za a kawo gida kwance cikin mota, inji ya cinye masa yatsu, ko ya faɗo daga bene ya karye, ko kuwa labarin rasuwarsa kaɗai ya iso ga iyalinsa.

Irin wannan mutum doka ta ba shi hakkin diyya. Amma hakkin nan yana da wa'adi, ba ya kuma tabbata sai da takarda. Mutum yakan komo gida jinya, a kai shi wurin maɗori, watanni su shuɗe ba a rubuta kome ba, sai guzuri ya ƙare sa'an nan danginsa su kawo kuka wurin dagaci, dagaci ya kawo su gaban hakimi. Abin da hakimi da malaminsa suka yi a wannan rana shi yakan sa iyali su sami abin rufin asiri, ko kuwa su rasa shi ɗungum. Saboda haka aka shirya wannan darasi.

1. MAFARIN DOKAR

Tun zamanin Turawa, a shekarar 1941, aka kafa dokar diyyar ma'aikata a Nijeriya. A shekarar 1987 gwamnatin soja ta sake ta. Bisa ga dokar 1987, ubangidan aiki, watau kamfani ko ma'aikata ko mutumin da ya ɗauki ma'aikaci, shi ne ke da alhakin biyan diyya, dunƙule, sau ɗaya: albashin wata 42 in ma'aikaci ya rasu, albashin wata 54 in ya naƙasa har ba ya iya sake yin aiki. Wannan tsari yana da aibi biyu. In ubangida ya ƙi biya, ko kamfani ya karye, sai doguwar shari'a wadda talaka ba ya iya jurewa. In kuwa an biya, kuɗin dunƙule ba ya daɗewa a hannun mai buƙata.

A watan Disamba na shekarar 2010 Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Diyyar Ma'aikata, wadda ta shafe ta 1987. Sabuwar dokar ta kafa asusu guda, ta danƙa shi ga Hukumar Asusun Inshorar Ma'aikata ta Nijeriya, wadda aka fi sani da NSITF. Hedkwatarta tana Abuja, tana kuma da ofisoshi a manyan biranen jihohi. An ɗora wa kowane ubangida ya riƙa zuba kuɗi cikin asusun. Ma'aunin da doka ta fara da shi shi ne kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biyan ma'aikatansa kowane wata. Daga wannan asusu ake biyan diyya. An hana ubangida ya cire kuɗin nan daga albashin ma'aikaci, ko da kwabo ne.

Lalle a rarrabe wannan diyya da diyyar da aka sani a wurin alkali. Waccan sai an san wanda ya jawo rauni ko kisa. Wannan kuwa ba a neman mai laifi. Ma'aikaci ba ya buƙatar ya nuna ubangidansa ya yi sakaci. Abin da ake nema kaɗai shi ne a tabbatar raunin ya same shi ne a cikin aiki, ko a dalilin aiki.

2. WAƊANDA DOKAR TA SHAFA

Dokar ta Tarayya ce, tana aiki a ko'ina cikin Nijeriya. Mutumin gundumar da ya yi rauni a Fatakwal hakkinsa ɗaya da wanda ya yi rauni a Zariya.

Ta shafi ma'aikatan Gwamnatin Tarayya, da na jihohi, da na ƙananan hukumomi, da na kamfanoni. Ba ta tsaya ga masu takardar ɗauka ta dindindin kaɗai ba. Leburan yini, da mai aikin wucin gadi, da mai koyon sana'a, da baran gida wanda ba ɗan gidan ba ne, duk suna ciki. Waɗanda aka ware su ne sojoji, amma farar hula masu aiki a ma'aikatar soja su ma suna ciki. Don haka in an ce wa mutum, "Ai kai ɗan yini ne, ba ka da kome," wannan magana ba ta da tushe a doka.

3. ABUBUWAN DA AKE BIYAN DIYYA A KANSU

(a) Rauni ko mutuwa a wurin aiki, ko a wani wurin da aiki ya kai mutum da umurnin ubangidansa.

(b) Haɗari a kan hanya tsakanin wurin aiki da gidan ma'aikaci, ko wurin da ya saba cin abinci, ko wurin da ya saba karɓar albashi, muddin ubangida ya riga ya san da wurin.

(c) Cutar da sana'a ke jawowa a hankali, kamar ciwon huhu na masu shaƙar ƙurar dutse ko ƙurar auduga, da gubar dalma. Dokar ta jera irin waɗannan cututtuka.

(d) Kurumta saboda ƙarar injuna.

(e) Taɓuwar hankali ko matsananciyar damuwa da ta taso daga wani mummunan abu da ya auku a wurin aiki, in likita ya tabbatar.

4. WA'ADI UKU

Wannan shi ne babban sashen darasin. Malamin hakimi ya kamata ya haddace shi.

Wa'adi na fari, kwana 14. Ma'aikaci ya sanar da ubangidansa cikin kwana 14 daga ranar da abin ya auku. In ya rasu, iyalinsa su sanar cikin kwana 14 daga ranar da abin ya auku ko ranar da labari ya iso musu. Ba lalle sai an ga mai kamfani da kansa ba; an yarda a sanar da manaja, ko helima, ko mai ba da taimakon farko, ko wakilin da ke kula da aikin. Sanarwar ta ƙunshi sunan ma'aikaci, da lokaci da wurin da abin ya auku, da irin raunin da dalilinsa in an sani. Rashin sanarwa yana iya toshe diyya, sai fa in Hukuma ta gamsu cewa ubangida ya riga ya sani, ko rashin sanarwar bai cuce shi ba, ta kuma ga adalci ya wajabta a karɓi buƙatar. Wannan sassauci yana hannun Hukuma, kada kowa ya dogara gare shi.

Wa'adi na biyu, kwana 7. Wannan yana kan ubangida. Wajibi ne ya kai wa Hukuma rahoton raunin cikin kwana 7. In mutuwa ce, nan take. Ubangidan da ya ƙi kai rahoto ya yi laifi a doka.

Wa'adi na uku, shekara 1. Ma'aikaci, ko iyalin mamaci, su cika takardar neman diyya irin wadda Hukuma ta tsara, su sa hannu, su kai ta cikin shekara 1 daga ranar rauni, ko ranar mutuwa, ko ranar da cuta ta naƙasa mutum. In akwai wani babban uzuri da ya hana, Hukuma tana da iko ta karɓi takardar cikin shekara 3. Nan ma uzuri sai wanda Hukuma ta yarda da shi.

A nan mutane da yawa ke kuskure. Sukan zaci tun da helima ya ga abin da idonsa, ko tun da kamfani ya biya kuɗin asibiti na farko, to, magana ta riga ta kai inda za ta. Alhali kuwa sanar da ubangida daban, rahoton ubangida daban, takardar neman diyya kuma daban. Ta ukun nan ba mai yi wa ma'aikaci ita sai shi da kansa ko iyalinsa.

Har wa yau, a lura ana ƙidayar kwanakin nan da watan Turawa ne. In masu kuka suka ce abin ya auku "bayan Salla Babba da kwana uku," malami ya duba kalanda ya fitar da ranar daidai, ya rubuta ta da lamba. Kada kuma a jira ranar ƙarshe. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

5. AIKIN MALAMIN HAKIMI

Da an kawo irin wannan kuka, tambaya ta fari ita ce, "Yaushe abin ya auku?" Amsarta ita za ta nuna ko akwai sauran lokaci ko kuwa sai an tashi manzo a ranar.

Sa'an nan malami ya rubuta takardar sanarwa zuwa ga ubangida da sunan mai raunin, ko da an riga an faɗa da baki. Magana ta baki ana iya musunta ta, helima kuma yana iya barin aiki. A sa waɗannan abubuwa a ciki:

(a) cikakken sunan ma'aikaci kamar yadda yake a takardun kamfani, da lambarsa ta aiki in yana da ita;
(b) irin aikin da yake yi da albashinsa;
(c) rana da sa'a da wurin da abin ya auku;
(d) yadda ya auku, a taƙaice, ba ƙari ba ragi;
(e) gaɓar da ta yi rauni, da nuna ko ta dama ce ko ta hagu;
(f) sunayen waɗanda suka gani;
(g) asibitin da aka kai shi.

Maganar suna ba ƙarama ba ce. Mutum yana iya zama da sunan yanka a gida, da laƙabi a gari, da wani suna dabam a littafin albashi. In sunan da ke takardar likita ya saɓa da na littafin albashi, magana takan tsaya wata da watanni. Malami ya nemi katin aiki ko takardar albashi ya kwafi sunan harafi da harafi.

A yi takardar kwafi biyu. Mai raunin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa bayan an karanta masa ita da harshen da yake ji. Wanda ya karɓa a kamfani ya sa hannu da kwanan wata a kan kwafi na biyu, a komo da shi a adana.

Bayan haka a tara shaidu. Mafi girmansu takardar likita. Ba a hana kowa zuwa wurin maɗori ba, amma maɗori ba ya ba da takarda, Hukuma kuwa da rahoton likita take auna rauni. Don haka ko da an riga an yi ɗori a gida, a kai mutum asibiti likita ya duba shi, a gaya wa likita a fili cewa a wurin aiki aka samu raunin, don ya rubuta haka. A adana katin asibiti, da hoton ƙashi, da rasiɗin kowane magani, da takardun albashi na watannin baya. In haɗarin mota ne, a nemi rahoton 'yan sanda. In mutuwa ce, a nemi takardar shaidar mutuwa, a kuma rubuta sunayen matan mamacin duka, da 'ya'yansa da shekarunsu, da iyaye ko wasu dangi da yake ciyarwa. Kada a bar sunan kowa saboda kishi ko rigimar gida.

Daga nan mai raunin, ko wani amintacce daga danginsa, ya tafi ofishin Hukuma mafi kusa da takardun nan, ya tambaya ko ubangida ya kai rahoto, ya karɓi takardar neman diyya ya cika. Ya riƙe kwafin duk abin da ya bayar, ya kuma nemi shaidar karɓa mai kwanan wata.

Yana da kyau kowane ofishin hakimi ya keɓe littafi guda don wannan al'amari, mai ɗauke da suna, da ƙauye, da ubangida, da ranar rauni, da ranar da shekara za ta cika, da abin da aka yi. Malami ya riƙa duba shi farkon kowane wata.

6. ABIN DA AKE BIYA

Na fari, magani. Hukuma tana da ikon ɗaukar nauyin jinya, da aikin tiyata, da magunguna, da sandar dogarawa, da ƙafa ko hannun roba. Tana kuma iya taimakon wanda ya naƙasa ya koyi wata sana'ar da jikinsa zai iya.

Na biyu, naƙasa. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya har abada ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata. Misali, mai albashin Naira 100,000 zai riƙa samun Naira 90,000. Wanda naƙasarsa ta rage masa ƙarfin nema amma ba ta hana shi aiki ɗungum ba, Hukuma takan kimanta abin da ya ragu daga samunsa, ta biya kashi 90 cikin 100 na wannan ragin. In an kimanta ragin Naira 40,000 ne a wata, zai sami Naira 36,000. Wanda kuwa rauninsa na ɗan lokaci ne, shi ma yana da diyyar lokacin da ya yi bai iya aiki ba.

Na uku, mutuwa. In mamaci ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye waɗanda yake ciyarwa, ana biyansu kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata. In ɗa ɗaya ne, kashi 85. Haka kuma in mace ce ma'aikaciyar ta bar miji da 'ya'ya. Ana biya wa 'ya'ya har su kai shekara 21, ko su gama digiri na fari, duk wanda ya riga zuwa. A lura dokar ta dubi waɗanda mamacin ke ciyarwa ne, Hukuma kuma ita ke tantance su. Kada hakimi ya yi wa kowa alkawarin adadi.

7. MAGANAR SULHU

Sulhu shi ne babban aikin sarauta, kuma alheri ne. Amma a wannan al'amari sai an yi hattara ƙwarai. Yakan faru wakilin kamfani ya zo har ƙofar hakimi da ladabi, ya yi jaje, ya ajiye 'yan kuɗi da buhun abinci, ya roƙa a rubuta takarda cewa magana ta ƙare, a sa hatimin hakimi. Iyali suna cikin buƙata, ga kunya, ga ganin girman baƙo, sai su yarda.

Dokar 2010 ta hana ma'aikaci ya yi yarjejeniya da ubangidansa a kan ya yafe hakkinsa na diyya, ta kuma ce duk irin wannan yarjejeniya ɓatacciya ce. Amma illarta tana nan. Mutanen da suka ga hatimin hakimi a kan takarda ba za su sake ɗaga maganar ba, don ganin girmansa. Su yi shiru har shekara ta cika, wa'adi ya wuce. A ce an ba mai albashin Naira 100,000 kyautar Naira 300,000 bayan ya naƙasa gaba ɗaya: abin da ya karɓa bai kai diyyar wata huɗu ba, ga shi kuwa da sauran shekaru a gabansa da bakuna masu jiran abinci.

Saboda haka in ubangida ya kawo taimako don Allah, a karɓa a gode masa, a rubuta cewa taimako ne. Amma kada hakimi, ko dagaci, ko mai unguwa, ya sa hannu ko hatimi a kan takardar da ta ce ma'aikaci ya yafe diyya. In iyali suka ce sun bar wa Allah, a nuna musu da lalama cewa karɓar ƙaddara ba ta hana neman hakki, kuɗin nan kuma daga asusun da aka tara musamman don irin wannan rana za su fito. In akwai marayu a ciki, nauyin ya ƙara girma.

8. IN AN SAMI TANGARƊA

Akwai iyayen gida da ba su yi rajista da Hukuma ba, ko ba su zuba kuɗin da aka ɗora musu. Wannan yakan kawo tsaiko mai yawa, amma laifin yana kan ubangida. Ma'aikaci ya kai takardarsa ga Hukuma cikin wa'adi duk da haka, ya kuma kai kuka ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jihar. In yana cikin ƙungiyar ƙwadago, ya sanar da shugabanninta.

In Hukuma ta yanke hukunci wanda mai nema bai gamsu da shi ba, yana da iko ya rubuta mata ta sake dubawa cikin kwana 180 daga ranar hukuncin. In ya bari kwanakin nan suka wuce, ya rasa wannan dama. Ita ma Hukuma an ba ta kwana 180 ta gama sake dubawar. In har yanzu bai gamsu ba, sai ya ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da rassa a Kano da Kaduna da Jos da wasu birane. A wannan mataki ya kamata a nemi lauya.

Hakimi ba alkali ba ne a cikin wannan al'amari, ba shi ke yanke yawan diyya ba. Aikinsa shi ne ya tabbatar talakansa ya san hakkinsa, an rubuta masa takarda a kan lokaci, an kuma nuna masa ƙofar da zai bi. Kyautuwa ya yi a gargaɗi dagatai da masu unguwanni, tun kafin 'yan ci-rani su tashi, cewa duk wanda aka kawo gida da raunin aiki a sanar da hakimi a ranar, kada a jira sai ya warke.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin dokar 1987 da ta 2010 game da wanda ke biyan diyya?

2. A faɗi wa'adi uku, da wanda kowane ɗaya ya hau kansa.

3. An kawo wani leburan yini gida da karaya, yau kwana 9 da aukuwar abin, yana jinya wurin maɗori. Waɗanne abubuwa uku malamin hakimi zai fara yi?

4. Mai albashin Naira 80,000 ya rasu a wurin aiki, ya bar mata da ɗa ɗaya. Nawa za a riƙa biyansu kowane wata?

5. Don me bai kamata hakimi ya sa hatiminsa a kan takardar yafe diyya ba, alhali kuwa doka ta riga ta ce irin wannan takarda ɓatacciya ce?